A Daina Auna Hausa Da Mudun Turanci

Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Mun daɗe muna jin wannan karin magana a bakin iyayenmu mata, amma ba mu ga inda ya zauna daram ba kamar a kan halin da harshen Hausa yake ciki yau, a ajin makaranta da kuma teburin marubuci. A shekarar 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa, tun daga aji ɗaya har zuwa aji shida. Ba a je ko'ina ba, a watan Nuwamba na 2025, sai Ministan Ilimi ya fito ya shelanta cewa an soke wannan manufa, an koma wa Turanci. Tun daga nan 'yan bani-na-iya suka sami abin yi a majalisu, suna ta nanata tsohuwar waƙarsu, wai dama ai Hausa ba ta da kalmomin ilimi, wai ko nahawun kanta ba ta iya bayyanawa sai ta je ta yi bara a ƙofar Turanci.

To, wannan magana ce ta sa muka ɗauki alƙalami, kuma ba za mu yi ɓoye-ɓoye ba game da matsayinmu. Aron kalma ba laifi ba ne, duk harshen da ke numfashi yana yi. Abin da muke yaƙi da shi shi ne aron mudu, wato a ɗauko kalmomin nahawun Turanci da rabe-rabensa a ce da su za a auna Hausa, in ta cika mudun ta zama harshe, in ba ta cika ba a kira ta "banakula".

Zagin da ake biyan kuɗi a saya

Duk wanda ya san Ƙaramar Hukumar Tarauni ya san yadda makarantun kuɗi suka cika lunguna, tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har Daurawa da Darmanawa da Unguwa Uku. A da yawa daga cikinsu akwai wata doka da ba a rubuta ta a takardar shiga makaranta ba, amma kowane yaro ya haddace ta: in aka kama ka kana "banakula", ko dai a ci ka tara, ko a sa ka kamun kunne a gaban 'yan aji. Muna so mu tambayi malaman da ke zartar da wannan hukunci, shin sun taɓa bin salsalar kalmar da suke jifan yara da ita? Daga harshen Latin na Rumawa ta fito, kuma tushenta shi ne verna, sunan da suke kiran bawan da aka haifa a gidan ubangijinsa. Mu ma muna da sunan irin wannan bawa a Hausa, shi ne bacucane. Ashe ke nan uba yana cire kuɗi daga aljihunsa kowane zangon karatu domin a koya wa ɗansa cewa harshen da uwarsa ta rarrashe shi da shi bacucane ne a gidan Turanci.

Abin dariyar shi ne, shi kansa Turancin ya shekara ɗaruruwa yana amsa wannan suna a ƙasarsa ta haihuwa. Bayan da Normanawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ne ya zama harshen fada da shari'a, Latin kuma na coci da manyan makarantu, aka bar wa talakawa Turanci. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci a kotunan Ingila. Da a ce Ingilishi na wancan zamani sun saurari 'yan bani-na-iyarsu, da yanzu ba mu da wani Turanci da za a ci yaranmu tara saboda shi.

Kalmomin nan na nahawu da ake tsorata yara da su kuwa, kusan babu ko ɗaya da Turanci ya haifa da cikinsa. "Girama" daga Girkanci take, asalinta kalmar da ke nufin harafi, ta biyo ta Latin da Faransanci kafin ta iso Ingila. "Naun" daga Latin take, kuma ma'anarta ba ta wuce suna ba. "Bab" daga Latin take, ma'anarta kalma. "Tens" ta biyo ta Faransanci daga kalmar Latin mai nufin lokaci. "Etimoloji", wato ilimin asalin kalmomi, Girkanci ce tsantsa. Hatta rabon kalmomi gida takwas da ake sa yara su rera kamar karatun allo, gadon Girkawa ne da Rumawa suka karɓa suka miƙa. Lokacin da William Bullokar ya buga nahawun Turanci na farko a 1586, a kan tsarin nahawun Latin ya ɗora shi, kuma masanan Turanci na zamani sun daɗe da yarda cewa wannan riga ba ta zauna wa harshensu daidai ba. Saboda haka rigar da ake son a cusa wa Hausa da ƙarfin tsiya gwanjo ce, ta bi wuya uku kafin ta zo Kano, kuma ko wanda ya sayar mana da ita tana shaƙe shi.

Ba mu da rigima da baƙin kalmomi

Kada mai karatu ya ɗauka muna cikin 'yan tsarkake harshe, masu cewa a kori duk wata baƙuwar kalma daga Hausa. Waɗannan ma ba mu tare da su, domin rashin sanin asalin kalmomi ne ke ɗawainiya da su. In aka biye musu, ranar da za a fara korar baƙi sai mun rasa bakin magana. Baffa da kawu da goggo za su koma wa Fulani. Galadima da Ciroma da Yarima za su kama hanyar Borno, kasuwa ma ta bi su, domin ta hannun Barebari ta iso mana daga Larabci. Raƙumi da takobi da takarda za su bi Buzaye. Agogo da ashana da akwati za su gangara ƙasar Yarabawa. Littafi da alƙalami da duniya da lahira da sunayen ranakun mako bakwai duk za su koma ƙasar Larabawa. Me ya rage?

Mutum ya bi Titin Zariya ya tsaya a ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, zai ji asibiti da likita da nas da kati. Ya karya ya shiga Titin Kotu, zai ji kotu da lauya da beli da joji. Ya ƙarasa kasuwar waya ta Fam Santa, zai ji caji da batir da layi da sabis da data. A tashar Unguwa Uku kuwa sai direba da mota da taya da birki da bakanike. Duk waɗannan daga Turanci suke, kuma muna maraba da su, saboda dalili guda: sun shigo gida sun yi sallama, sun bi dokar masu gida. Mota ta ƙare da wasalin "a", sai Hausa ta ɗaura mata zane ta mai da ita mace. Da aka zo jam'i sai aka ce motoci, "t" ta koma "c" a gaban wasalin "i", daidai yadda ake cewa sata da saci, ko fita da fice. Asibiti ya ba da asibitoci, ofis ya ba da ofisoshi, lauya ya ba da lauyoyi. Mai gyaran mota kuwa, Bahaushe ya cire farkon kalmar Bature ya sa mata "ba" irin ta Bakano da Bakatsine, ya ce bakanike, jam'insa kanikawa. Daga canji aka ƙago aikatau canza, kamar yadda kaji ke da kaza. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun yi wa Faransanci irin wannan aski, suka sami lakwal da mushe. Kai, takarda da kati ma 'yan'uwan juna ne, kakansu ɗaya a Girkanci, ɗaya ta ratso hamada a kan raƙumi, ɗayan ya biyo teku a jirgin Bature, suka haɗu a Kano ba su gane juna ba.

Wannan shi ne aro na mai ƙarfi, wanda ke karɓar baƙo ya yi masa kaciya ya raɗa masa suna. Harshen da ke iya wannan ba a ce masa matalauci.

Inda mudun ya yi ƙarya

Matsalar tana farawa ne ranar da malamin Hausa ya shiga aji da kan Bature a wuyansa. Kalmar nahawu ba kamar taya ko batir ba ce. Taya sunan abu ne da ido ke gani, duk sunan da ka kira ta tana nan yadda take. Ita kuwa kalmar nahawu ma'auni ce, tana zuwa da rabe-raben harshen da aka ƙera ta dominsa, kuma tana nuna wa ɗalibi inda zai duba da inda zai kau da kai.

Ga misali. An koya wa yaro cewa "bab" yana sauya kama gwargwadon "tens", domin haka abin yake a Turanci. Sai ya zo Hausa ya tarar da ta dafa, za ta dafa, takan dafa. Aikatau bai motsa ba ko kaɗan. Lokacin yana rataye ne a jikin 'yan ƙananan kalmomin da ke gabansa, waɗanda malamanmu suka kira lamirin suna da lamirin lokaci. Yaron da ke neman lokaci a jikin aikatau ba zai same shi ba, sai ya yanke hukunci cewa Hausa ba ta da tsari. Alhali kuwa sauyin da aikatau na Hausa yake yi na gaske, mudun Turanci ba shi da wurin zuba shi. Ɗan kasuwar Fam Santa da bai taɓa shiga aji ba ya san bambancin ya sayi waya, da ya sayo waya, da ya sayar da waya, da ya saye wayoyin, da waya ta sayu. Saiwa ɗaya ce, amma wasalin ƙarshe da karin sauti sun nuna ko an nufo nan da abin, ko an rabu da shi, ko an ƙarar da shi kakaf, ko aikin ya yiwu. F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya tsara wannan a azuzuwa bakwai a 1960, kuma bai iya yin haka ba sai da ya ajiye mudun harshensa ya saurari Hausa da kunnen Hausa.

Ga wani. Sau nawa muka ji ana gaya wa yara wai "ne" da "ce" su ne aikatau na kasancewa irin na Turanci? Ina aka taɓa ganin aikatau da ba ya karɓar lamirin suna, ba ya karɓar lokaci, abin da ya dame shi kawai jinsi da adadi? Audu ne, Binta ce, yara ne. Masananmu sun duba aikin da wannan kalma ke yi, suka ga tana tokare magana ne kada ta faɗi, sai suka kira ta dirka, irin wadda ake kafa wa rumfa. Wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin rumfa ba ya bukatar a sake yi masa bayani.

Haka nan karin sauti da tsayin wasali, waɗanda su ne ran Hausa. Rubuta "fari" ka miƙa wa mutum. Fari na launi kake nufi, ko farin da ke hana damina, ko jam'in fara, ko kuwa na ɗan fari? Haruffa huɗu ne ba su sauya ba, amma kalmomi huɗu ne daban, hawa da saukar murya da jan wasali ne suka raba su. Gari na mutane daban, garin tuwo daban. Darasin da aka gina a kan Turanci zai wuce wannan bai ko waiwaya ba, saboda Turanci ba ya rarrabe kalmomi da karin sauti irin namu. To, ina kuma za a ajiye fat da wur da ƙirin da maƙil, na fari fat da ja wur da baƙi ƙirin da cike maƙil? A cikin gidaje takwas na Rumawa babu ɗakinsu. Mu kuwa muna da shi, sunansa amsa-kama, kuma duk marubucin da ya iya sarrafa shi ya san da shi ake sa labari ya tashi tsaye.

Kayan aikin suna nan, an daɗe da ƙera su

Masu cewa Hausa ba ta da kalmomin nazarin harshe, ko dai ba su sani ba, ko kuwa sun sani suna take gaskiya. Tun kafin Bature ya taka ƙasar nan ana karanta nahawu a zaurukan Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato. Almajirai na haddace Ajurumiya da Alfiyar Ibn Malik, malami na fassara musu da Hausa baki da baki. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu da Hisnur Rasin a kan sarafu. Daga wannan zaure muka gaji nahawu da kalma da jimla da harafi da sifa da lugga. Lamiri ma daga can yake, harafin nan na Larabci da muke kira lodi ya koma "l" a bakinmu, kamar yadda ya yi a alƙali da alwala da farilla. Ƙamus kuwa asalinta teku, sunan da Firuzabadi ya sa wa babban littafinsa na lugga ne ya bi duk wani littafi irinsa.

Wani zai ce to ai ga shi nan, ku ma aro kuka yi daga Larabci. Ƙwarai kuwa, amma a duba yadda aka yi aron. Larabawa tun zamanin Sibawaihi gida uku suka raba kalma, isim da fi'ili da harafi. Da masananmu suka ga gida uku ba za su ɗauke Hausa ba, ba su tsaya jin kunyar Larabci ba, suka ɗauki abin da ya yi daidai, suka ƙera sauran da ƙarfen gida. Wannan 'yanci ne muke son a yi amfani da shi a gaban Turanci.

An kuwa yi amfani da shi. Bayan aikin Turawa irin su Schön, wanda ya buga nahawun Hausa a 1862, da Bargery mai ƙamus na 1934, 'ya'yan gida sun karɓi ragama. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Farfesa M. K. M. Galadanci ya fitar da littafinsa na nahawun Hausa a 1976. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Farfesa Mu'azu Sani Zariya ya rubuta Tsarin Sauti da Nahawun Hausa da Hausa, aka buga a 1999. A 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke bayyana Hausa da Hausa. Shekara da shekaru ke nan ana rubuta kundayen digiri da Hausa a kan ginin jimla da tsarin sauti a Kano da Zariya da Sakkwato.

A dubi irin kalmomin da suka fito daga wannan maƙera. Mai yin aiki a jimla aikau, wanda aikin ya faɗa wa karɓau. Aikatau mai neman karɓau so-karɓau, wanda ba ya nema ƙi-karɓau. Abin da ake liƙa wa kalma a gaba ɗafa-goshi, na baya ɗafa-ƙeya, na tsakiya ɗafa-ciki. Idan sauti ya shafi maƙwabcinsa har ya ɗauki kamanninsa, kamar yadda "n" ta gidan Bala ke fita kamar "m", sai a ce naso, irin wanda mai ke yi a jikin tufa. Ɗan da 'yar na ƙanƙantarwa tsigalau. Don Allah, tsakanin so-karɓau da "tiransitib", wanne ne yaron Babban Giji zai ji sau ɗaya ya riƙe? Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana ɗauke da bayaninta a goshi. Laifinsu ɗaya, an kulle su a jami'a, ba a fito da su kasuwa ba.

Hasarar da ake tafkawa

Kada a zaci wannan gardamar malaman jami'a ce kawai. Hasarar tana rubuce ɓaro-ɓaro a allunan shaguna da bayan motocin haya da shafukan littattafai. Tun zamanin da aka yi ta kai ruwa rana a jaridu kan adabin kasuwar Kano, cikin shekarun 1990, daga cikin abubuwan da masu suka suka kama akwai karya ƙa'idojin rubutu. Yau da rubutun ya koma waya da intanet, abin ya ƙara lalacewa. Ana rubuta "tace" a wurin "ta ce", "suma" a wurin "su ma", "kusa" a wurin "ku sa". Wani ya so ya ce ya fi ta, sai ya rubuta ya fita. A bar ƙugiya kuma, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, ɗaki ya koma daki.

Me ya sa gyaran ya ƙi ci? Saboda ba a iya koyar da ƙa'ida ba tare da sunan abin da ƙa'idar ta hau kansa ba. Dokar raba kalma da haɗe ta ba ta da wuya ga wanda ya san azuzuwan kalmomi: lamirin suna ba ya haɗewa da aikatau, gajeruwar mallaka tana liƙe da sunanta kamar a gidansa da motarta, doguwar mallaka tana tsayawa ita kaɗai kamar a gida nasa, wakilin suna karɓau a ware yake kamar a ya kama shi, dirka ma a ware take. Layi biyar ke nan, sun kashe rabin kurakuran da ke cikin littattafan kasuwa. Amma yaya za ka faɗa wa marubucin da bai taɓa jin kalmar dirka ba? Makanikin da bai san sunan sifana ba, sai dai ya yi ta nuni da hannu.

Hasara ta biyu ta fi wannan ciwo, ita ce ta asalin kalmomi. Wanda ya saba auna komai da Turanci, duk kalmar da ya ji ta yi kama da ta Bature sai ya ce daga can aka aro. Shekara nawa ana gaya mana, har a jaridun duniya, wai boko daga "buk" take, kalmar Turanci ta littafi? Farfesa Paul Newman ya yi wa wannan magana filla-filla a 2013, ya nuna cewa boko Bahaushiyar kalma ce ta asali mai nufin abin da ba na gaskiya ba, abin yaudara. Ga amaryar boko da biri-boko nan a bakin mutane suna ba da shaida, kuma ƙamus na Bargery ya kawo waɗannan ma'anoni tun 1934. Tsarin sauti ma ya ƙaryata zancen, domin Bahaushen da ya mai da mai dafa wa Bature abinci kuku, da littafin ya ara da "buku" zai ce. Kakanninmu sun kira karatun Bature boko ne saboda ba su amince da shi ba. Wannan tarihi ne guda cur a cikin kalma ɗaya, amma aron mudu ya so ya shafe shi.

Irin wannan sakaci ne ke haifar da zantukan shaci-faɗi, wai Hausa daga "hau sa" take, ko wai Larabci ne ya haifi Hausa. Binciken masana, tun daga aikin Joseph Greenberg, ya tabbatar da cewa Hausa 'yar gidan harsunan Cadi ce, danginta na kusa su ne irin su Gwandara da Bolanci da Karekare da Angas, ita da Larabci kuwa 'yan kakanni ne na nesa. Ilimin asalin kalma yana da ƙa'idoji, ba a yin sa da kamancen sauti da zaƙin baki a majalisa.

Amsa ga masu tsoron jarrabawa

Mun san abin da iyaye za su ce, kuma ba mu raina damuwarsu ba. Za su ce jarrabawar fita sakandare da ta shiga jami'a da Turanci ake yi, aikin ofis da Turanci ake nema, me dirka za ta tsinana wa ɗana? Amsarmu ita ce, ba mu ce a daina koyar da Turanci ba, a koyar da shi da kyau ma muke so, da kalmominsa, a darasinsa. Amma yaron da ya riga ya gane mene ne suna da aikatau da sifa a harshen da yake mafarki da shi, ranar da aka ce masa Bature na kiran suna "naun", laƙabi kawai ya ƙaru da shi. Wanda kuwa aka fara da shi da "naun", ana koya masa abin da bai sani ba da harshen da bai iya ba, wahala biyu ke nan a kan ƙaramin kai, shi ya sa yake haddacewa kamar aku ya zubar a ƙofar ɗakin jarrabawa. An gwada wannan a ƙasar nan. Shirin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin. In manufar harshen uwa ta yi tuntuɓe, a binciki littattafan da aka buga mata da malaman da aka horar dominta, kafin a ɗora wa harshe laifi. Ba a hana doki ciyawa sannan a ce ba ya gudu.

Abin da muke kira a yi

Gwamnati ta yanke nata hukunci, amma harshe ba a ofis yake kwana ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka kiranmu na farko ga 'yan'uwa marubuta ne. Duk mai son a kira shi marubucin Hausa ya mallaki Ƙamusun Hausa da littafin nahawu ɗaya da aka rubuta da Hausa, kada kuma ya kai littafi maɗaba'a sai wanda ya san ƙa'ida ya duba shi. A zaman karatu da ƙungiyoyin marubuta ke yi, a ware ko da rabin sa'a ne domin nahawu da asalin kalmomi, a gayyato malamai daga Jami'ar Bayero su fito da kayan nan daga kabad. Masu sharhin littattafai a wannan mujalla da sauran irinta su riƙa kiran abubuwa da sunayensu na Hausa, jigo da salo da zubi da tsari da amsa-kama, har kunnen mai karatu ya saba.

Malaman Hausa na firamare da sakandare, ku ji tsoron Allah ku daina koyar da Hausa da Turanci. Masu makarantun kuɗi na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da sauran unguwannin Kano, ku soke tarar "banakula", ku cire kalmar ma daga bakinku tunda yanzu kun ji asalinta. Gidajen rediyon Kano, da ke da filin wasanni da na siyasa da na girke-girke, ba za su rasa minti goma sha biyar a mako ba domin filin asalin kalma. Iyaye kuma, in za ku sa yaro makaranta, bayan kun tambayi kuɗin zango da na motar ɗauko yara, ku tambaya ko akwai malamin Hausa, kuma da wane harshe yake koyarwa.

Kalmomin Turanci na mota da waya da asibiti, ƙofa a buɗe take, su shigo mu yi musu aski. Mudun Turanci kuwa ya tsaya a darasin Turanci, can ne hatsinsa yake. Hausa tana da nata mudun, magabata sun sassaƙa shi, malamai sun daidaita bakinsa, saura mu ɗauka mu yi awo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon gyarawa.